Farfesa Ishaya Audu: Likitan yara daga Wusasa

Masu karanta tarihin Najeriya sun fi sanin Farfesa Ishaya Audu a matsayin shugaban jami'a ko ministan harkokin waje. Amma asalin sana'arsa likitan ƙananan yara ne, kuma ga aikin likita ya koma bayan da muƙamai suka ƙare.

An haife shi a shekarar 1927 a Anchau, cikin ƙasar Zazzau, a gidan Hausawa mabiya addinin Kirista.

Ya yi karatunsa na farko a makarantar St Bartholomew da ke Wusasa, wani ƙaramin gari a bayan ganuwar Zariya, inda 'yan mishan na CMS suka koma da zama a 1929, suka kafa majami'a da makaranta da asibiti kusa da juna.

A wancan zamani makarantun boko ba su da yawa a Arewa, don haka abin da Wusasa ta yi ya fi ƙarfin girmanta. Likita na farko ɗan Arewa, Dokta Barau Dikko, ɗan wannan al'umma ne. Janar Yakubu Gowon ma a makarantar ya yi firamare. Yaron da ya tashi yana ganin marasa lafiya na shiga asibiti a gefen ajinsa, ba abin mamaki ba ne ya zaɓi aikin likita.

Daga Wusasa ya wuce babbar kwalejin Yaba a Legas, sannan kwalejin jami'a ta Ibadan da aka buɗe a 1948, kafin ya tafi Landan inda ya kammala karatun likita a 1954.

Likitan Sardauna

Da ya dawo gida ya yi aiki da gwamnatin Jihar Arewa, har ya zama likitan Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Bambancin addini bai hana Sardauna damƙa masa amanar lafiyarsa ba.

Fannin da ya ƙware a kai shi ne cututtukan yara, a lokacin da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa ke kashe yara masu ɗimbin yawa kafin su kai shekara biyar. Ya koyar da wannan fanni a makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Legas.

A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna, aka naɗa shi shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya gaji Bature Norman Alexander. Shi ne ɗan Najeriya na farko a kujerar, yana ɗan shekara 39. Lokaci ne mai wuya: rikici ya sa malamai da ɗalibai 'yan yankin Gabas sun bar Zariya, sannan yaƙin basasa ya ɓarke. Duk da haka a zamaninsa aka buɗe tsangayar koyon aikin likita a 1967, wadda ta yaye likitoci da dama da suka riƙe asibitocin Arewa. Ya bar muƙamin a 1975.

Siyasa

A zaɓen 1979 ya tsaya mataimakin Dokta Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP. Sun faɗi, amma ƙawancen NPP da NPN ya sa Shugaba Shehu Shagari ya ba shi ministan harkokin waje. Da ƙawancen ya rushe a 1981 ya ci gaba da riƙe kujerarsa har 1983. Sojojin da suka kifar da gwamnatin a ƙarshen wannan shekara sun tsare shi tare da sauran 'yan siyasa.

Bayan an sake shi ya koma Zariya, ya riƙa duba marasa lafiya a asibitin da ya buɗe a Samaru, 'yan kilomitoci kaɗan daga makarantarsa ta farko.

Ya rasu a Amurka a watan Agustan 2005, yana da shekara 78.