MARTIN LUTHER DA HARSHEN JAMUSAWA

Mun saba jin labarin Martin Luther wajen gyaran ekklesiya. Yau kuwa aikinsa na harshe za mu duba.

An haife shi a Eisleben cikin 1483. A zamanin nan Jamusawa ba bakinsu ɗaya ba. Mutanen arewa, wajen teku, suna da irin nasu Jamusanci, na tuddan kudu suna da nasu, da ƙyar su kan ji juna. Sujada kuwa da harshen Latin a ke yi, talaka ba ya ji.

Cikin 1521 aka hukunta Luther a Worms, sai Sarki Frederick na Saxony ya ɓoye shi a Wartburg. Can ya juya Sabon Alkawari daga Helenanci cikin mako 11, aka buga shi cikin 1522. To, da wane baki zai rubuta? Ya ɗauki Jamusancin magatakardan fadar Saxony, gama ana gane shi har nesa. Ya kuma kasa kunne ga maganar mata a gida, da yara, da mutanen kasuwa. Duk da haka, da aka sāke buga littafin a Basel, can kudu, sai da aka fassara kalmomi wajen 200 domin mutanen wurin.

Littafi Mai Tsarki duka ya fito cikin 1534, Luther kuwa ya rasu cikin 1546. Sannu a hankali harshen littafin nan ya taimaka wajen haɗa rubutun Jamusawa. Har yau akwai masu yin bakin garinsu a gida, amma littafi ɗaya ya ishe su duka.