Manfred von Richthofen

Manfred Albrecht von Richthofen (2 ga Mayu 1892 – 21 ga Afrilu 1918) matuƙin jirgin yaƙi ne ɗan ƙasar Jamus a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. An tabbatar masa da harbo jirage 80, adadin da babu matuƙin da ya kai a wannan yaƙi. Saboda jan fentin jirginsa aka yi masa laƙabi da Red Baron, wato Jan Basarake. Duk da wannan suna, bai shiga tuƙi da ƙafar dama ba: ya lalata jirgi a tashinsa na farko shi kaɗai, ya kuma faɗi jarrabawarsa ta farko.

Farkon rayuwa

An haife shi a Kleinburg, kusa da birnin Breslau, wanda yanzu ake kira Wrocław a ƙasar Polan. Mahaifinsa hafsan soja ne daga gidan sarauta. Ya tashi da hawan doki da farauta. Yana ɗan shekara 11 aka sa shi makarantar soja ta Wahlstatt, a 1911 kuma ya shiga rundunar mahaya dawaki. Da yaƙi ya ɓarke a 1914 ya yi sintiri a kan doki, amma da sojoji suka shige ramuka, ga waya mai ƙaya ga mashinga, doki ya rasa aikin yi. A watan Mayun 1915 ya koma rundunar sama a matsayin mai leƙen ƙasa, wani na tuƙa shi.

Koyon tuƙi da faɗuwa jarrabawa

A watan Oktoban 1915 ya haɗu da fitaccen matuƙi Oswald Boelcke a cikin jirgin ƙasa, haɗuwar da ta sa masa kwaɗayin tuƙi. Abokinsa Georg Zeumer ne ya fara koya masa. Ranar da aka bar shi ya tashi shi kaɗai, tashin ya yi kyau, amma wajen sauka ya kasa daidaita jirgin, ya buga shi da ƙasa. Bai ji rauni ba, sai dai ya sha dariyar abokan aiki. Bayan kwana biyu ya sake hawa.

Mako biyu bayan haka ya shiga jarrabawar farko. Ya kewaya sama cikin siffar lamba 8 kamar yadda aka umarta, ya sauka sau da dama, ya fito yana ganin ya gama. Sai mai jarrabawar ya sanar da shi bai ci ba. Shi da kansa ya ba da wannan labari a littafin tarihin rayuwarsa da aka buga a 1917, bai kuma ɓoye mamakin da ya yi ba. Bai koma kujerar mai leƙe ba, wadda ya riga ya saba da ita. A watan Nuwamba ya tafi Döberitz kusa da Balin don ƙarin horo, ranar Kirsimeti ta 1915 ya ci jarrabawa ta uku, ya zama cikakken matuƙi.

Salon yaƙinsa

A watan Agustan 1916 Boelcke ya zaɓe shi cikin sabuwar rundunarsa, Jasta 2. Nasararsa ta farko da aka tabbatar ta zo ranar 17 ga Satumba 1916 kusa da Cambrai.

Richthofen bai taɓa yin suna a wasan juyi da jirgi ba, ya kuma san haka. Sai ya jingina da abin da ya iya tun yana yaro, wato haƙurin mafarauci da saitin bindiga. Ya riƙe ƙa'idojin Boelcke sau da ƙafa: a samu rana a baya, a zo ta bayan abokin gaba, kada a buɗe wuta sai an matso sosai, kada a manta hanyar komawa gida. Yakan kawo hari daga sama, abokansa na tsare masa baya. Ƙanensa Lothar, wanda ya harbo jirage 40, ya fi shi kasada nesa ba kusa ba.

A Janairun 1917, bayan nasara ta 16, aka ba shi lambar yabo ta Pour le Mérite da shugabancin Jasta 11. Ranar 6 ga Yuli 1917 harsashi ya same shi a kai. Ya koma aiki, amma ciwon kai bai rabu da shi ba.

Mutuwa

Ranar 21 ga Afrilu 1918, kusa da kogin Somme a Faransa, ya bi jirgin wani sabon matuƙi ɗan Kanada, Wilfrid May, ƙasa-ƙasa har cikin yankin abokan gaba, abin da shi kansa yake hana yaransa yi. Harsashi ɗaya ya ratsa ƙirjinsa, ya mutu yana da shekara 25. Rundunar saman Birtaniya ta danganta harbin ga Kyaftin Roy Brown, amma yawancin masana tarihi na ganin daga ƙasa sojojin Ostireliya suka harbe shi.

Washegari sojojin Ostireliya suka binne shi a Bertangles da cikakkiyar karramawar soja. A 1925 aka mayar da gawarsa Balin, a 1975 kuma aka kai ta maƙabartar danginsa a Wiesbaden.