Sarkin Musulmi Attahiru: Daga Giginya Zuwa Burmi

Duk yaron da ya tashi a ƙasarmu ta Dingyaɗi ya saba jin sunan Giginya. In ka shiga Sakkwato akwai filin wasa na Giginya, akwai kuma barikin soja mai wannan suna. Ni dai da can na ɗauka sunan itace ne kurum, sai a hutun da ya wuce da kawuna ya tafi da ni birni, ya nuna mini wurin a kudu da tsohon gari, inda yanzu gidaje da motoci suka cika. Ya gaya mini cewa nan ne aka gwabza da Nasara, kuma wanda ya ja Musulmi ran nan shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya. Tarihinsa nake so in ɗan kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Attahiru ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu ne, ɗan Atiku, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An naɗa shi cikin watan Oktoba na shekarar 1902, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman. Ya hau gado a lokaci mai wuya ƙwarai, domin Turawan Ingila sun riga sun cinye Bida da Kwantagora da Yola da Bauci, ga Faransa kuma ta arewa. Bai yi wata huɗu cikakku ba sai labari ya zo cewa Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu, 1903.

Da aka ji haka sai manyan Sakkwato suka zauna shawara, ra'ayi ya kasu uku. Waɗansu suka ce a yi yaƙi, waɗansu suka ce a nemi sulhu, waɗansu kuwa suka ce a yi hijira zuwa gabas a bar wa Nasara ƙasa, kada a zauna ƙarƙashinsu. Shi Sarki zuciyarsa ta fi karkata ga hijira, amma kafin a gama shiri rundunar Turawa ta iso Shagari, ta nufo Sakkwato ta wannan ƙasa tamu. Abin baƙin ciki, Turawan da ke cikinta ƙalilan ne, yawancin sojan baƙar fata ne irinmu.

Ran Lahadi, 15 ga Maris, 1903, aka haɗu a bayan gari. Sarki yana tsakiya, ƙanensa Marafa Maiturare da Sarkin Raba Ibrahim suna riƙe da gefe biyu. Mutanenmu suna da dawaki da masu da takuba da kwari da baka, su kuwa Turawa suna da igwa da bindiga mai ruwa. Kafin a kai kusa da su harsashi ya riga ya cim ma mutum, saboda haka kafin rana ta take yaƙi ya ƙare. Amma waɗansu bayin Allah suka tsaya wajen tutar Sarkin Musulmi kusa da wata giginya, in wannan ya faɗi wancan ya ɗauka, har aka kashe su duka. Daga wannan itace ne yaƙin ya sami sunansa.

Bayan haka sai hanya ta rabu biyu. Waziri Buhari ya dubi halin talakawa da mata da yara, ya nemi fatawar malamai, ya komo gari ya yi sulhu domin kada addini da jama'a su watse. Gwamna Lugga ya iso, aka naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, ran 21 ga Maris. Shi kuwa Attahiru na ɗaya ya kama hanyar gabas da niyyar Makka. Ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin Kano da Zariya. Da fari Turawa sun raina tafiyar, amma sai suka ga manoma suna barin gonakinsu ga damina ta gabato, masu sana'a suna rufe rumfuna, dubban mutane suna bin Sarki da iyalansu. Har Sarkin Misau Ahmadu da Magajin Keffi Ɗan Yamusa suna cikin ayarin. Wannan ya tsorata Turawa, suka bi sawunsa.

Ayarin ya kai Burmi, wani gari mai ganuwa kusa da kogin Gongola. Ran 13 ga Mayu Kyaftin Sword ya faɗa wa garin, mutanen Burmi suka kore shi, ya koma Bauci da raunana masu yawa. Turawa suka sake shiri suka komo ran Litinin, 27 ga Yuli, 1903. Aka wuni ana yaƙi. Shugaban rundunarsu, Manjo Marsh, kibiya mai dafi ta kashe shi. Ta wajen Musulmi fiye da mutum 600 suka kwanta dama, Sarkin Musulmi Attahiru yana cikinsu, gawawwakin jama'arsa sun kewaye shi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira har ƙasar Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, inda zuriyarsu take har yau. Tutar nan kuma da ta faɗa hannun Turawa, sai a shekarar 1960 aka mayar da ita ga Sarkin Musulmi Abubakar na uku.

Ya ku 'yan'uwana, wata biyar kaɗai Attahiru ya yi a gadon sarauta a Sakkwato, kuma bai ci nasara a Giginya ko Burmi ba. Duk da haka sunansa bai ɓace ba, domin ya zaɓi rasa mulki da rai a kan ya bar abin da ya gaskata. Ban ce Waziri Buhari ya yi kuskure ba, gama da kowa ya tafi da babu mai riƙe gari. Kowannensu ya ɗauki kaya mai nauyi saboda jama'a.

Filin Burmi yana nan kusa da Bajoga, cikin ƙaramar hukumar Funakaye ta Jihar Gombe. Kabarin Sarki yana can, na Manjo Marsh ma yana can, masu ziyara suna zuwa. Ina roƙon malamanmu na tarihi da iyayenmu su taimaka a shirya mana tafiya, ko da Giginya ce da gidan tarihi na Waziri Junaidu, wanda shi ɗan Waziri Buhari ne. Gani ya kori ji. Abin kunya ne mu je kallon ƙwallo a filin Giginya, mu yi ta tafi da sowa, alhali ba mu san waɗanda aka sa wa filin suna dominsu ba.

Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Attahiru da duk waɗanda suka faɗi tare da shi, amin.