Joe Meek: Mutumin da ya mayar da gidan haya situdiyo a Landan

A shekarar 1960, duk wanda ya bi ta titin Holloway da ke arewacin Landan ya tsaya a gida mai lamba 304, shagon sayar da jakunkuna da kayan fata zai gani. A saman shagon akwai gidan haya mai hawa uku, matakalarsa ta katako ce, ɗakunansa ƙanana, ga hayaniyar motoci tana shigowa ta taga. A cikin waɗannan ɗakuna ne wani ɗan haya mai suna Joe Meek ya naɗi waƙoƙi uku da suka hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, ɗaya daga cikinsu har da Amurka. Kuma a gidan ne rayuwarsa ta ƙare, mummunan ƙarshe, yana da shekara 37.

An haifi Robert George Meek ranar 5 ga Afrilun 1929 a Newent, wani ƙaramin gari a yammacin Ingila. Tun yana yaro ya cika wata rumfa a bayan gidansu da tsofaffin rediyoyi da wayoyi, yana kwancewa yana ɗaurawa. Da ya kai munzalin aikin soja na dole, rundunar sojan sama ta sa shi a sashen na'urar hangen jirage. Bayan ya fito ya yi aiki da hukumar wutar lantarki ta yankinsu, inda ya samu na'urar yanka faifai ya fara naɗar mawaƙan unguwa. Abin mamaki, bai iya kaɗa kowane kayan kiɗa ba, bai iya rubuta alamomin kiɗa ba, kuma idan ya rera waƙa muryarsa kaucewa take yi. Abin da Allah Ya hore masa shi ne kunne, da hannun da ya san cikin na'ura.

A tsakiyar shekarun 1950 ya koma Landan ya zama injiniyan sauti a situdiyon IBC. A wancan lokaci naɗar waƙa a Ingila tamkar aikin ɗakin gwaje-gwaje ne. A situdiyon EMI har fararen riguna injiniyoyi ke sawa, kuma ƙa'ida ita ce a ajiye makirufo nesa da makaɗa, a kama sautin ɗaki kamar yadda yake, kada allurar ma'auni ta kuskura ta shiga ja. Meek bai yarda da wannan ba. A 1956, lokacin naɗar Bad Penny Blues na mabushin ƙaho Humphrey Lyttelton, ya ɗago sautin fiyano da ganga, ya matse su fiye da yadda aka saba, ba tare da son mai waƙar ba. Faifan ya shiga sahun 20 na farko a ƙasar. Amma zama da Meek ba sauƙi, mutum ne mai saurin fushi da zargi. Ya koma situdiyon Lansdowne, can ma ya ɓata da mai wurin, Denis Preston, ya fice.

A Janairun 1960 shi da William Barrington-Coupe suka kafa kamfanin faifai mai suna Triumph. Nan ya koyi darasi mai ɗaci. Waƙar Angela Jones ta Michael Cox ta shiga goman farko, jama'a na nema, amma ƙananan masana'antun da suke buga wa kamfanin faifai suka kasa fitar da isasshe. Kamfanin bai yi nisa ba. Daga nan Meek ya sauya dabara: zai naɗi waƙa da kayansa, a gidansa, sannan ya bai wa manyan kamfanoni irin su Decca da Pye hayar tef ɗin, su buga su rarraba. Wani ɗan kasuwa mai shigo da kayan wasan yara, Manjo Wilfred Banks, ya zuba masa jari, aka kafa RGM Sound, daga haruffan farko na sunansa.

Yadda ya zaɓi kayan aikinsa ne ya fi cancantar a tsaya a kai, musamman ga matasan da a yau suke haɗa waƙa a ɗaki da kwamfutar cinya da manhaja irin su FL Studio ko Cubase, a Kano ne ko Kaduna ko Jos. Meek bai sayi komai da komai ba, don ba shi da kuɗin. Ya sa kuɗinsa a abubuwan da ba za a iya ƙirƙira a gida ba, wato na'urorin naɗar tef na Lyrec da EMI da kuma makirufo masu kyau. Sauran kuwa ko dai ya haɗa da hannunsa, ko ya saya ya buɗe cikinsu ya sauya. Yana da wani akwatin amsa-kuwwa da ya yi da sifirin da ya ciro daga lalataccen hita, ya naɗe shi da tef don kada wani ya leƙa ya gano sirrin. Na'urar matse sauti, wadda ke danne abin da ya yi ƙara ta ɗago abin da ya yi rauni, wasu injiniyoyi kallon magani suke mata, a sa kaɗan. Shi kuwa murɗa ta yake yi har sai ganga ta yi kamar tana numfashi.

Ƙanƙantar gidan ma ta zama malama. Tun da ɗakin ba shi da faɗin da sauti zai yi daɗi a cikinsa, sai ya matso da makirufo dab da kowane kayan kiɗa, ya lulluɓe ganga da barguna, ya jona jitar bes kai-tsaye cikin na'ura ba tare da ta bi ta lasifika ba. Ya rarraba makaɗa a cikin gidan, wani a falo, wani a kan matakala, mawaƙi a banɗaki inda bango ke mayar da murya, wayoyi na bin ƙasa ko'ina. Kuma da yake na'urorinsa ba su da layuka masu yawa, yakan naɗi kashi na farko a na'ura ɗaya, ya juye shi zuwa ta biyu yana ƙara wani kiɗan a kai, ya sake dawowa. Kowane juyi yana ƙara ƙura a cikin sautin, kuma kuskure ɗaya na nufin a koma farko. Abin da yaro ke yi yau da danna maɓalli biyu, shi yakan kwana a kansa.

Sakamako bai jima ba. A 1961 Johnny Remember Me, wadda Geoff Goddard ya rubuta John Leyton ya rera, ta hau matsayi na ɗaya. A Yulin 1962 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na sadarwa mai suna Telstar, Meek ya ƙirƙiro kiɗa da sunansa. Ya rera karin da bakinsa, makaɗan ƙungiyar Tornados suka yi fama suka gane abin da yake nufi, aka ɗora shi a kan Clavioline, wani ɗan ƙaramin fiyanon lantarki mai fitar da sauti ɗaya a lokaci guda. Kiɗan ya yi na ɗaya a Birtaniya, a Disambar 1962 kuma ya yi na ɗaya a Amurka, karo na farko da wata ƙungiyar makaɗan Birtaniya ta yi haka, fiye da shekara guda kafin Beatles. A 1964 ya sake yi da Have I the Right? ta Honeycombs. Bugun da ake ji a cikinta ba ganga kaɗai ba ce, 'yan ƙungiyar ne ke dukan matakalar gidan da ƙafa, makirufo na maƙale a jikin ƙarfen dafawa. Sai mutum ya tausaya wa maƙwabta.

Sai dai kuɗin Telstar, wanda ya kamata ya tsayar da shi da ƙafarsa, bai shigo hannunsa ba. Wani mawaƙin Faransa, Jean Ledrut, ya kai ƙara cewa an ɗauko karin ne daga kiɗan da ya yi wa fim ɗin Austerlitz na 1960, aka riƙe kuɗin har sai an gama shari'a. A 1963 kotu ta ci Meek tarar fam 15 kan laifin neman maza, abin da dokar Ingila ta haramta a lokacin, labarin ya fita a jarida, masu neman kuɗin rufe baki suka sa shi gaba. Ya shiga shan ƙwayoyi don ya yi aiki ba barci. Ya yarda cewa kamfanonin hamayya sun ɓoye makirufo a bangon gidansa suna satar dabarunsa, yana kuma zuwa maƙabarta da na'ura wai zai naɗi muryar matattu. A gefe guda salon waƙa ya sauya, ƙungiyoyin da ke rubuta waƙoƙinsu da kansu suka mamaye kasuwa, bashi ya taru, har da na haya. Mutumin da ya iya sarrafa kowace waya a gidan bai iya riƙe lissafin kuɗi ko abokan aiki ba.

Ranar 3 ga Fabrairun 1967, ranar da mawaƙin Amurka Buddy Holly, wanda Meek ya ɗauka gwarzonsa, ya cika shekara takwas da rasuwa, Meek ya harbe mai gidan, Violet Shenton, sannan ya harbe kansa. Bindigar ta Heinz Burt ce, tsohon makaɗin Tornados. Masu yabon Meek sukan wuce sunan matar da sauri, alhali ita ce ta yi shekaru tana haƙuri da ƙarar da ke saukowa kan shagonta. Sai bayan rasuwarsa aka kammala shari'ar Telstar.

Daga baya aka dawo ana daraja aikinsa. A 1991 aka fitar da cikakken I Hear a New World, kundin da ya naɗa kan sararin samaniya wanda a 1960 kaɗan daga ciki kawai ya fita. Ted Fletcher, wanda ya taɓa yi masa amshi, ya fara ƙera kayan situdiyo masu launin kore da sunan Joemeek, a 2009 kuma ƙungiyar furodusoshin waƙa ta Birtaniya ta kafa lambar yabo da sunansa, Brian Eno ne ya fara karɓa. Tef-tef ɗin da ya bari, sama da 1,800, a cikin akwatunan ganyen shayi aka adana su. Cliff Cooper, wanda ya kafa kamfanin Orange mai ƙera amfilifaya, ya saye su kan fam 300 ya ajiye kusan shekara 50. A 2020 kamfanin Cherry Red ya karɓe su, yana juye su zuwa kwamfuta yana fitarwa kaɗan-kaɗan.