Tarihin Shehu Muhammadu Ahmadu na Sudan, Wanda Ya Ƙi Cin Abincin Hukuma

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, wannan taƙaitaccen tarihi ne na Muhammadu Ahmadu ɗan Abdullahi, wanda mutanen Sudan suka yi wa mubaya'a a kan shi ne Mahadi. Ba mu kawo shi don mu tabbatar masa da wannan da'awa ba, domin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba da malaman Sakkwato na wancan zamani ba su karɓe ta ba. Abin da muke so ka duba shi ne yadda almajiri guda, ɗan masassaƙin jiragen ruwa, ya yanke ƙauna daga hukumar zamaninsa, da kuɗinta, da malamanta, da kuma abin da ya biyo bayan haka.

An haife shi a shekara ta 1844 a tsibirin Labab kusa da Dungula. Yana yaro iyayensa suka yi ƙaura zuwa Karari, arewa da Umdurman, don neman itacen sassaƙa. 'Yan'uwansa suka riƙe sana'ar uba, shi kuwa ya riƙe allo.

Ka sani, ya ɗan'uwa, a lokacin ƙasar tana hannun gwamnatin Masar tun yaƙin 1820 zuwa 1821, wanda Muhammadu Ali Basha ya aiko ɗansa ya yi. Mutanen Sudan suna kiran wannan mulki Turkiyya, hedkwatarsa kuwa Hartum, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu. Ba zakka ake karɓa ba, haraji ne aka aza a kan gona da dabino da dabba, har da saƙiya, wato abin ɗiban ruwan nan na katako da shanu ke juyawa a bakin kogi. Masu karɓar harajin sojojin haya ne da ake kira Bashibuzuƙ, da bulalar fatar dorina a hannunsu, kuma abin da suke sa wa aljihunsu dabam ne da abin da ke isa baitulmali. Manoma da yawa a arewa suka bar saƙiyarsu ta ruɓe, suka tsere kudu da yamma.

Da Isma'ilu Basha ya hau mulkin Masar a 1863, sai ya buɗe wa kansa ƙofar rance daga bankunan Ingila da Faransa, da riba mai nauyi, har bashin ya kusa fam miliyan 100. A 1875 ya sayar wa gwamnatin Ingila da hannun jarinsa na mashigin Suwes a kan kimanin fam miliyan 4, bankin gidan Rothschild ne ya ranta wa Ingila kuɗin sayen. A 1876 aka kafa hukumar Turawa mai lura da biyan bashin, a 1879 aka tuɓe shi, a 1882 sojan Ingila suka shiga Alƙahira. Talakan da ke bakin Nilu bai taɓa ganin ƙofar banki ba, amma gwamnatin da ke dukansa a kan haraji ita kanta tana cikin rikon masu binta bashi.

To, a cikin wannan hali Muhammadu Ahmadu ya tafi karatu wajen Shehu Muhammadul Hairi kusa da Barbar. An ruwaito cewa da ya gane malaminsa yana karɓar taimako daga gwamnati, kuma daga ciki ake ciyar da almajirai, sai ya kame bakinsa daga abincin makarantar, yana ganin dukiyar zalunci ce. Sai ya riƙa zuwa kogi yana kamun kifi don abin da zai ci. Wanda duk ya yi almajirci ya san nauyin wannan, yaro baƙo, yunwa na cinsa, ga akushi an ajiye, ya kau da kai. Abin mamaki kuwa, wannan malami daga baya ya zama mabiyin almajirinsa, shi ne ma ya ci garin Barbar da sunansa a 1884.

A 1861 ya karɓi ɗariƙar Sammaniyya a hannun Shehu Muhammadu Sharif Nurud Da'im, jikan Shehu Ahmadud Ɗayyib wanda ya kawo ɗariƙar Sudan. Ya yi shekara bakwai yana hidima, yana saran itace da niƙa da ɗiban ruwa, sa'an nan aka ba shi izini. Wajen 1870 ya zauna a tsibirin Aba cikin Farin Nilu, ya haƙa kogo yana halwa, labarin zuhudunsa ya bazu har masu jirage suna tsayawa neman addu'a. Daga baya suka ɓata da shehinsa. Ruwayar da ta fi shahara ita ce ya yi inkarin kiɗa da rawa da almubazzaranci a bikin kaciyar 'ya'yan shehun. Aka kore shi, ya komo neman gafara da ƙangin itace a wuya da toka a jiki, ba a karɓa ba. Sai ya koma wajen Shehul Ƙurashi, wani babban shehin Sammaniyya. Bayan wafatin wannan, ana cikin ginin hubbarensa, ya gamu da Abdullahi ɗan Muhammadu Bata'ishe, mutumin yamma, wanda zai zama halifansa.

A watan Yuni 1881, daidai da 1298 ta Hijira, ya aika da wasiƙu yana bayyana da'awarsa, yana kuma hana biyan haraji ga Turkawa. Gwamna Ra'uf Basha ya raina abin, ya aika da sojoji a jirgin ruwa su kamo shi, mutanen Aba suka karkashe su da sanduna da masu a watan Agusta. Daga nan ya yi hijira zuwa dutsen Ƙadir, ya kira mabiyansa Ansar. Birnin Ubayyid ya faɗa hannunsa a Janairu 1883, kuma a Nuwamba ta wannan shekara aka hallaka rundunar Hicks Basha a Shaikan, wajen mutum dubu goma. Gaskiya ita ce ba duk wanda ya bi shi ya bi don Allah ba: akwai fataken bayi da gwamnati ta taɓa cinikinsu, akwai makiyaya da haraji kawai ya dame su.

A nan ne maganar malamai ta taso, kuma ta cancanci mu tsaya a kanta. Gwamnatin Turkiyya ta zo da tsarin da Sudan ba ta saba da shi ba, na alƙalai da muftai masu albashi, da yawansu sun yi karatu a Azhar. Ta kuma gwada makarantar gwamnati a Hartum a 1853 a ƙarƙashin Rifa'a Ɗahɗawi, babban malamin Masar, amma ba ta wuce shekara guda ba aka rufe ta. Zuciyar jama'a tana wajen makarantun allo da shehunan ɗariƙu, waɗanda suke ci tare da talaka. Da fitina ta tashi, gwamnati ta sa malamanta, irin su Mufti Shakirul Gazi da Shehu Ahmadul Azhari, suka rubuta raddi, suna nuna alamomin Mahadi da suka zo a hadisai ba su cika a kan wannan mutum ba. A ganinmu hujjarsu ta ilmi tana da ƙarfi. Amma wa zai saurara? Mutanen da aka yi wa bulala jiya sun san daga inda albashin mai fatawar yake fitowa. Muhammadu Ahmadu ya sa musu sunan malaman mugunta, sunan ya bi su.

Sai dai shi ma ya wuce iyaka. Ya ce a dakatar da bin mazhabobi, aka ƙona littattafan fiƙihu da yawa, ya kuma soke ɗariƙu, har da Sammaniyyar da ta raine shi, ya tara mutane a kan Ratibinsa kaɗai. Wanda ya tashi yana tuhumar malaman hukuma sai ga shi ya rufe bakin kowane malami.

Gordon Basha ya iso Hartum ran 18 ga Fabrairu 1884. Ya san inda ciwon yake, don haka ya sa aka ƙona littattafan bashin haraji da bulalai a bainar jama'a. Ya aika wa Muhammadu Ahmadu da alkyabba da tayin sarautar Kurdufan. Aka mayar masa da kayansa, aka haɗo masa da jabba mai maho irin ta Ansar, da kira zuwa ga Musulunci. Da aka kewaye garin kuɗi suka ƙare, Gordon ya buga kuɗin takarda da sa hannunsa, da alkawarin za a biya daga baitulmalin Hartum ko na Alƙahira bayan wata shida. Wata shida suka wuce ba a biya ba. Ran 26 ga Janairu 1885 Ansar suka shiga garin da asuba, aka kashe Gordon da jama'a masu yawa, jiragen agajin Ingila suka iso bayan kwana biyu.

Bai so zama a Hartum ba, don a wurinsa birnin Turkawa ne. Ya zauna a Umdurman, ƙetaren kogi, baitulmali yana hannun Ahmadu Sulaiman, aka buga kuɗin zinariya da azurfa, aka ce daga yau sai zakka da ganima. Tun yana raye yake ta rubuta gargaɗi ga mayaƙansa a kan ɓoye ganima. Bai cika wata biyar da cin Hartum ba ya yi wafati, ran 22 ga Yuni 1885, cikin Ramalan 1302, yana da shekara kimanin 41.

Halifa Abdullahi ya gaje shi, ya kwashe mutanen Hartum zuwa Umdurman, aka riƙa ɗibar tubalin gidajenta ana gini. Amma mulki yana bukatar lissafi, sai aka komo da magatakardan tsohuwar gwamnati, har da Ƙibɗawa, suka riƙe littattafan baitulmali. Haraji ya komo da sababbin sunaye. Riyalin da ake bugawa aka riƙa rage masa azurfa ana ƙara tagulla, 'yan kasuwa suna gudunsa, ana tilasta musu karɓa. A 1306, wato 1888 zuwa 1889, aka yi yunwar da har yau ake ambatonta da shekarar shida. Ibrahimu Adlan, ma'ajin da ya gaji Ahmadu Sulaiman, aka rataye shi a 1890.

Labarin nan ya taɓa ƙasarmu. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yana Balda a ƙasar Adamawa ya yi mubaya'a ta wasiƙa, aka naɗa shi wakili a yamma, daga baya ya haɗu da Rabe, aka kashe shi a ƙasar Borno a 1898. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran masu hijira zuwa gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin ya ci sunansa.

Ran 2 ga Satumba 1898 Kitchener ya gamu da Ansar a Karari, filin da Muhammadu Ahmadu ya yi ƙuruciyarsa, bindigogi masu aman wuta suka kashe fiye da mutum dubu goma kafin azahar. Aka rushe hubbarensa, aka zuba ƙasusuwansa a cikin Nilu. Turawa suka sake gina Hartum, suka buɗe kwaleji da sunan Gordon a 1902 don horar da ma'aikatan gwamnati, ita ce ta zama Jami'ar Hartum a 1956. Ɗansa Sayyid Abdurrahman, wanda aka haifa bayan wafatin uban da 'yan kwanaki, ya yi sulhu da sabuwar hukuma, ya yi arziki da noman auduga a tsibirin Aba, shi ne kuma ya sake gina hubbaren a Umdurman a 1947.

Allah Ya jiƙan Musulmin da suka riga mu, Ya gafarta mana da su baki ɗaya, amin.