Alhaji Mamman Shata da Mafarin Waƙoƙinsa

Mutumin da na zaɓa in yi bayani a kansa shi ne marigayi Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, domin yana ganinta roƙo ce. Da fari tallan goro da alewa ya yi, amma daga baya waƙar ta rinjaye shi.

A Turai, mai tsara kiɗa yakan rubuta shi a takarda, sa'an nan ya miƙa wa makaɗa su bi. Shata kuwa ba ya rubutawa. Da an saki kalangu, 'yan amshi sun karɓa, sai waƙa ta zo masa nan take. Abin da ido ya gani shi ne mafarinta: noma, aure, sarauta, sojojin yaƙin basasa, har da kumbon Afolo da ya sauka a wata a 1969.

A ganina, wannan ne ya sa leburan Sharaɗa da Bompai suka riƙe shi nasu, don a bakinsa suke jin zancen rayuwarsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano a 1999, aka binne shi a Daura.

'Yan'uwana ɗalibai, kada mu raina sana'ar kowa. Allah ya jiƙansa, amin.