Mumtaz Mahal: Sarauniyar da Jini Ya Ɗauke a Haihuwa ta 14

'Yar uwa, kin sha ganin farin ginin nan mai ƙubba a finafinan Indiya, Taj Mahal. To kabari ne, kuma wadda ke ciki wajen haihuwa ta rasu.

Sunanta na yanka Arjumand Banu. An haife ta a Agra a 1593, ta yi karatun Larabci da Farisanci, aka aurar da ita ga Yarima Khurram a 1612. Shi ne ya zama Sarki Shah Jahan a 1628. Duk inda zai je, har fagen yaƙi, tana tare da shi, sau da yawa da tsohon ciki. Cikin shekara 19 ta haihu sau 14, bakwai ne kawai suka girma.

A 1631 naƙuda ta same ta a Burhanpur, nesa da gida. Ta shafe kusan awa 30 a kan gwiwa. 'Yar ta zo da rai, amma jini ya ɓalle wa uwar, likitocin fada suna tsaye ba yadda za su yi. Ta cika tana da shekara 38.

A nan nake so ki ɗan tsaya. Mu a nan, mace in ta kai haihuwa takwas ko goma sai a ce ai gwana ce, asibitin me? Alhali mahaifar da ta sha ɗaukar ciki ita ce ta fi kasa tsukewa bayan haihuwa, kuma irin wannan jinin yana iya kashe mace cikin awa biyu. A zamanin Mumtaz babu allurar tsayar da shi, babu ƙarin jini. Yau akwai, matsalar ita ce nisa. Wadda ke Balan ko wani ƙauyen Ajingi, jini ya ɓalle mata tsakar dare da damina, yaushe za a nemo mota a kai ta asibitin Gaya?

Shi ya sa a wasu ƙasashe ake gina ɗakunan jiran haihuwa dab da asibiti, mai ciki ta tare can in watanta ya kama. Ba baƙon abu ba ne, tunda muna goyon ciki. In kina da 'yar uwa kusa da asibiti, ki shawarta da maigida tun ciki na wata bakwai.

Jaririyar da Mumtaz ta bari, Gauhar Ara, ta rayu har 1706. Ba ta taɓa sanin fuskar mahaifiyarta ba.